Amanar da Na Ɗauko daga Abijan

A tashar Kwatano aka fara koya mana hankali, ni da Buba. Buba ɗan kawuna ne, taubashina, tare muka tashi a rugarmu da ke bayan Kiyawa, tare muka ci dukan malamin allo, tare muka yi kiwo. Mun bar gida shekara biyu bayan an ba mu jiha, lokacin da Dutse ta cika da magina da baƙin ma'aikata masu rataye da jaka. Mu kuwa ba takarda, ga garke ya ragu, sai labari ya zo cewa a Abijan ana neman waɗanda suka san shanu. Buba ya bar matarsa Dije da goyon ɗa namiji, ni ko budurwa ba ni da ita. Saboda Dije nake ba da labarin nan. A ƙarshen tafiyar Buba ya ba ni amanar wata magana, na riƙe ta shekara biyar, alhali ran Dije yana cikin maganar.

To, Kwatano. Wani mutum ne ya tare mu, doguwar riga fes, carbi a hannu, Hausarsa har ta fi tamu daɗi. “'Yan uwana! Daga ina?” Muka ce Dutse. Ya ce ai kakarsa 'yar Birnin Kudu ce. Da hannunsa ya ɗora jakunkunanmu a saman wata mota, ya ɗaure tamau, sannan ya ce mu hanzarta mu yi azahar kafin a tashi, don direban ba ya tsayawa salla. Muka gode masa har da durƙusawa. Da muka idar muka dawo, ba mota, ba mutum, sai ɗigon baƙin mai a ƙasa. Garin furarmu ya tafi, kilishi ya tafi, har da kwalbar man shanun da Dije ta haɗo wa mijinta. Buba ya dubi sandarsa, ita kaɗai ta rage masa, ya dube ni.

“Ka ga amfanin tafiya da bawa? Ai kai ya kamata ka tsare kayan, ni ubangidanka in yi salla.”

“Ubangidan wa? Kai da ka durƙusa masa har gwiwa biyu?”

Muka yi ta dariya a tsakiyar tasha kamar waɗanda aka yi wa kyauta. Kai, ƙuruciya! Yau in aka sace mini takalmi a masallaci sai in yi kwana uku ina mita.

Daga Lome da ƙafa muka tsallaka iyaka, a gefen teku. Ranar muka fara ganin tekun. Buba ya tsaya ya riƙe ƙugu, ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce ruwa duk wannan yawa amma saniya ba za ta iya sha ba, wannan ai asara ce. Yunwa kuwa ta kai mana wuya. Wata mata mai sayar da dokunu, wani tuwon masara da ake ƙullewa a ganye, a Aflawo ta lura da yadda muke kallon tukunyarta muna kau da kai. Ba ta jin yarenmu, ba ma jin nata. Ta kwance ƙulli biyu, ta ɗora kifi da barkono, ta miƙo. Muka ce mun ƙoshi, kamar yadda aka koya mana. Ta ajiye a gabanmu ta juya mana baya, don mu ci ba tare da ta gani ba. Har yau ina mamakin wanda ya gaya mata halin Fulani.

A zangon Ankara wani tsohon mai fataucin goro ya sauke mu kwana huɗu. Ɗan asalin Ringim ne, ya shekara talatin bai je gida ba. Ba ya tambayarmu komai sai daminar gida: har yanzu ana shuka maiwa? Har yanzu ana gasa fara? In mun ba shi amsa sai ya lumshe ido. Shi ya sa mu a motar goro har Abijan.

Karar shanun tana bakin teku, kusa da mahauta. Aikinmu sauke shanun da aka kawo daga Mali da Burkina, mu kora su su ɗan yi kiwo, mu tsare su har mahauta su zo. Ba mu da takardar zama, don haka in 'yan sanda suka shigo sai mu sunkuya cikin garke mu bi tsakanin ƙafafu. Ɗakinmu na langa-langa ne, mu shida a ciki, ruwan sama kuma ba ya gajiya a garin nan. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mana rai shi ne nono. Ka tsaya tsakiyar shanu iya ganinka, amma ko cokali ɗaya babu, domin duk na yanka ne, bijimai da tsofaffin shanun da suka ƙafe. Akwai wani abin da suke damawa da gero da madarar gari. Buba ya kurɓa sau ɗaya ya ce wannan ai alli ne aka jiƙa.

Kullum da hantsi, lokacin da a gida ake gama tatsa, sai Buba ya ɗaga kai ya dubi rana. Can sai ya ce, “Sale, yanzu Dije ta gama burga kindirmo.” In ce masa ya rufe mana baki. Shi ma ya san ba don haushi nake faɗa ba. Ni ma ƙamshin ƙwaryar innata ne yake damuna, da kukan maruƙa, da duwatsun Dutse in rana ta yi ja a kansu. Na yi kewar gida har na ji ta a ƙashina.

Nan kuskurenmu ya shigo, kuma kuskure ne irin na ɗan ruga. Wata Lahadi da safe muka kora shanu ta ƙarƙashin itatuwan kwakwa, muka tarar da wata mata, Madam Akisi, tana juye wani farin abu mai kumfa a ƙwarya. Fari sol, a ƙwarya! Buba ya tsaya cak. Wani Bafulatanin Mali da muke aiki tare ya ce bammi ne, ruwan itacen kwakwar manja, kuma na safe ba ya bugarwa, don haka ba laifi, sai ya wuni yake zama giya. Ba malami ba ne, ko Fatiha da ƙyar yake kaiwa ƙarshe, amma da yake abin da muke so mu ji ke nan sai muka karɓi fatawarsa. Buba ya riƙe ƙwaryar da hannu biyu, ya yi bismilla, ya kafa kai. Da ya ɗago, kumfa a gashin bakinsa, idonsa ya kawo ruwa.

“Ba shi ba ne,” in ji shi. “Amma ya yi ƙoƙari.”

Ni ma na sha. Ba zan ɗora wa mamaci shi kaɗai ba. Zaƙi gare shi da ɗan tsami, kuma a ƙwarya yake, shi ke nan. Da farko da hantsi muke zuwa. Sai aiki ya riƙa riƙe mu, mu zo da azahar, mu ce ai bai daɗe ba. Sai la'asar. Madam Akisi da kanta takan kaɗa mana yatsa, ta nuna rana, ta nuna kanta tana juya hannu, wato yanzu ya yi ƙarfi. Mu yi dariya mu miƙa ƙwarya. Kafin shekara ta zagayo mun wuce bammi mun kai ga kutuku, wani fari kamar ruwa mai ƙona maƙogwaro, ɗan uwan ogogoro. Shi kam ba wanda ya nemi fatawa a kansa.

Sai ka san Buba kafin ka gane abin da giya ta yi masa. Mutum ne da ko sayen gishiri zai yi wajen mace, ƙasa yake kallo. Mu ba a taɓa zaunar da mu an yi mana bayanin mace ko cuta ba. Kunya kaɗai aka ba mu, ita ce ke tsare mu, kuma da ita muka isa har bakin teku lafiya. Kofi biyu na kutuku sai ka neme ta ka rasa. Sai ga Buba yana rawa da sandarsa, yana zolayar matan da ke zama a bayan rumfar Madam Akisi. Su ma baƙi ne kamar mu, neman abinci ya rabo su da garuruwansu, wasunsu ma sun fi mu tausayi.

Ba za mu ce ba a gaya mana ba. Ma'aikatan lafiya sun sha zuwa kara da lasifika da tafinta, suna maganar ƙanjamau, suna raba kwaroron roba. Buba ya karɓi nasa da hannun hagu, kansa a sunkuye don kunya, ya ce shi mai mata ne, me zai yi da wannan. Ya jefa a aljihu. Idan yana cikin hayyacinsa ba ya bukatarsa, idan ya bugu kuma ba ya tuna yana da aljihu. Na taɓa yi masa wanki na tarar da shi a nan, ruwa da sabulu sun cinye takardar, ba a taɓa buɗe shi ba.

Ni sau ɗaya abin ya faru da ni. Na farka da la'asar sakaliya a ɗakin wata mata da ban san sunanta ba, ban san yadda na shiga ba, tana firfita mini da murfin kwali. Na fita ko takalmi ban tsaya nema ba. Tsoro ne ya raba ni da giya daga ranar, ba zan yi ƙaryar taƙawa ba. Na yi wa Buba magana, ya ce, “Bawa ya zama liman.” Washegari da safe ya yi kuka, ya rantse da kabarin innarsa ya daina. Lahadi ta zagayo ya koma.

A shekara ta huɗu tari ya kama shi, ya rame har kafaɗunsa suka fito. Na kai shi asibitin masu tarin fuka. Suka ce za su gwada jininsa, ni ma na miƙa hannu. Bayan mako biyu wata ma'aikaciya mai furfura ta zaunar da mu, tafinta a gefe. Ta ce ni ba a ga komai ba. Ta juya ga Buba ta yi magana a hankali. Ta tambaya ko yana da mata a gida. Ta ce tarin zai warke, zai yi ƙiba, zai ji kamar ba abin da ke damunsa, amma cutar tana nan cikin jini, kuma zai iya sa wa matarsa, ita kuma ta sa wa abin da za ta haifa. Ta sa tafintan ya maimaita sau biyu. Ni ta kalla a karo na biyun.

Haka kuwa aka yi. Wata shida yana shan ƙwayoyi, tari ya tafi, kumatu suka dawo. Ya buga ƙirji ya ce, “Dube ni, Sale. Wannan ne mai ƙanjamau? Sun ga baƙo ne kawai.” Muka haɗa 'yan kayanmu, atamfa uku, rediyo, da wata fitila mai batir da ya saya wa Kawu, muka kamo hanya.

Mun wuce Gaya, duwatsun gida sun fara bayyana, ni duk na tattara hankalina a taga ina jin kamar in yi tsalle in fita, sai ya kama hannuna.

“Maganar can, a can ta tsaya. Amana na ba ka.”

“To Dije fa?”

“Na ce maka na warke. So kake a nuna Baba da baki a kasuwa? So kake ta tafi da ɗana?”

Na ce na karɓa. Da bakina na faɗa, ba wanda ya sa mini wuƙa. Na gaya wa kaina wataƙila matar can ta yi kuskure, ai ga shi garau.

Shekarun da suka biyo baya, in ka cire abin da ke cikina, su ne mafi daɗi a rayuwata. Na zama dillalin shanu a kasuwar Shuwarin, na yi aure, na kama haya a Limawa cikin Dutse. Ranar Juma'a sai Buba ya shigo gari a kan kekensa, mu zauna a ƙofar gida, yara su kewaye mu yana ba su labarin teku, yana ƙara gishiri. Dije ta haifi 'ya mace. Yarinyar ba ta taɓa yin ƙiba ba, daga zawo sai zazzaɓi, ba ta kai yaye ba ta koma. Ni na riƙe ta a kan hannuna har maƙabarta. Na san abin da na sani, na kuma yi shiru.

Sai shari'a ta zo. Aka rufe mashaya, aka riƙa jin an yi wa wane bulala a bainar jama'a. Ni a lokacin sahun gaba nake salla, ana ce mini Malam Sale, in an yi gardamar ciniki ni ake kira in rantse. In na buɗe baki a kan Buba, dole in faɗi inda muka zauna da abin da muka sha tare. Na samu dalili na biyu na yin shiru, kuma na san ba don Buba ba ne wannan.

Ciwon ya dawo masa da ƙarfi. Aka ce sammu ne ya biyo shi daga kurmi, aka ce iska ce ta bakin ruwa. An sha rubutu, an yi turare, an sayar da bijimi biyu. Dije ce ke juya shi, ke wanke shi, ke ba shi kunu da cokali. Ya rasu ana girbin gero. Ban taɓa kewar mutum kamar yadda nake kewar Buba ba, har gobe in na ji abin dariya shi nake fara nema in gaya wa.

Da Dije ta fita takaba, Kawu ya aiko a kira ni. A gidanmu haka ake yi: in wa ya rasu ya bar iyali, ƙane yakan auri matar, idan ta yarda, don yaro ya tashi cikin shanun ubansa. Manu, ƙanen Buba, ya amince, Dije ma ta ce ba ta da inda ya fi nan. Ni aka zaɓa in sayo goro, a ɗaura ranar Juma'a. Kwana uku ina kai da kawowa tsakanin ɗaki da tsakar gida har matata ta tambaya ko wani abu na ci.

Ranar Alhamis da hantsi na sami Kawu a bakin garke yana cire wa wata saniya kaska. Buba ɗan farinsa ne, don haka tun da aka haife shi Kawu bai taɓa kiran sunansa ba, ko a ranar jana'iza bai bari an ga hawayensa ba. Mutumin da zan gaya wa ke nan. Na durƙusa, muka gaisa, gaisuwar ta ƙare, ban tashi ba.

“Ina goron?” in ji shi.

“Kawu, ban sayo ba. Kada a ɗaura auren nan sai an je asibiti.”

Bai juyo ba. Na faɗa masa duka, da bammin, da kutukun, da matan, da abin da ma'aikaciyar ta ce. Na ce tare muka sha, ni ma na yi abin da ya yi, Allah ne kawai ya rufa mini asiri. Na ce in za a kai ni gaban alƙali a kai ni. Ya daɗe yana shafa wuyan saniyar.

“Shi abokin tafiyar taka, ya san da wannan kafin ku dawo?”

“Ya sani, Kawu.”

“Kai ma ka sani.”

“Na sani.”

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce kawai in nemo mota, kuma ni zan raka Dije, tun da ni na san hanyar irin waɗannan wurare. Bai kai ni gaban kowa ba. Aka ce wa mutane an ɗaga auren, Manu ya yi fushi da ni wata guda kafin a yi masa bayani. Daga baya ya auri wata, yau yana da 'ya'ya bakwai.

Goggon Dije ce ta gaya mata dalilin tafiyar, ni ban iya ba. Muka je Kano mu huɗu har da yaron, aka ɗebi jininta da na yaron, muka koma ranar karɓar sakamako. Yaron lafiya lau, tun da kafin tafiyarmu aka haife shi. Ita kuwa tana ɗauke da cutar. Magani bai wadata ba a lokacin, sai daga baya ya zo, kuma Allah ya ja kwananta ta riske shi. Tana nan da ranta a Kiyawa, tana shan ƙwayarta, ɗanta ne ke riƙe da garken.

Amma ranar ba wanda ya san za a yi haka. A motar dawowa tana bayana, ta rufe fuska da mayafi har muka wuce Wudil. Da direba ya tsaya shan mai, goggo ta sauka neman ruwa, sai na ji muryarta a hankali, ba kuka, ba faɗa.

“Hamma Sale.”

“Na'am.”

“Shi na san dalilinsa, tsoro yake kada in tafi. Kai fa, me ka ɗauke ni?”

Na fara maganar amanar da ya ba ni a mota, ta katse ni.

“Da kun gaya mini, wallahi ba inda za ni. Da na zauna na yi jinyarsa kamar yadda na yi. Amma da ban haifo yarinyar nan ta zo ta sha wannan wuya ba. Ku biyu kuka zauna a mota kuka yanke, ba wanda ya tambaye ni.”

Goggo ta dawo da ruwa a leda, ta miƙo mini ɗaya. Na riƙe shi a hannu har Dutse ban iya sha ba.